Gulbin Rima daga Goronyo zuwa Kwalkwalawa: wa ke ƙirga kifin?

Kukan masuntan Gulbin Rima ba sabo ba ne. Daga Goronyo zuwa Wurno, daga Kware zuwa Kwalkwalawa, maganar ɗaya ce: kifi ya ragu, wanda ake samu kuma ya ƙanƙance. Dattawan Sarkawa, wato masu gadon sana'ar kamun kifi, suna tuna zamanin da giwan ruwa da yauni da bargi suke cikin abin da ake sa ran gani a taru. Yau abin da ya fi cika kwando ƙananan karfasa ne da ƙurungu da tarwaɗar da ba ta gama girma ba. Babu mai gardama a kan haka, ko jami'in gwamnati, ko malamin jami'a, ko mai banda. Inda ake rabuwa shi ne dalilin raguwar, kuma a kan dalili ake gina magani. Wannan nazari ya tsaya ne a kan yankin gulbin da ya taso daga madatsar ruwa ta Goronyo zuwa inda Rima ke haɗuwa da Gulbin Sakkwato kusa da birni, don a ga abin da bincike ya riga ya nuna, da yadda ake yanke shawara a kan kifin.

Jami'an kula da kamun kifi sukan ɗora laifin a kan kayan su, wato kayan da ake kama kifin da su: raga mai ƙananan idanu, gidan sauro da aka mayar abin tace gulbi, guba da wasu ke zubawa a gurabun rani. Masu tsara ayyukan raya karkara kuwa sun fi karkata ga cewa zamanin kamun kifi a gulbi ya wuce, a koma kiwo a tankin siminti da na tamfol. Masunta su nasu bayanin daban ne. In ka tambayi dattijo a bakin gaɓa, amsar da ka fi ji ita ce, "Ruwa ka kawo kihi, ɗana, in gulbi bai hau hwadama ba, mi za a kamawa?" Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Amma a ganina masuntan sun fi kowa kusa da tushen lamarin, kuma bayaninsu ne aka fi rainawa, saboda ba a mayar da shi lissafin da ofis ke karɓa ba.

Ruwa da kifi

Ruwan saman ƙasar Sakkwato kaɗan ne, kimanin milimita 600 zuwa 700 a shekara, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Sai dai Rima ba ruwan Sakkwato kaɗai yake ɗauka ba. Gagare da Bunsuru suna kawo masa na Zamfara da Katsina, Gulbin Maraɗi kuma yana ratsa ƙasar Nijar ya dawo ya zuba masa. Kafin a yi madatsai, wannan ruwa yakan taru a Agusta da Satumba, ya tsallake gaɓa, ya shimfiɗu a fadama, ya zauna makonni, sannan ya janye a hankali ya bar gurabu da tafkuna.

Rayuwar kifin gulbi a kan wannan hawa da sauka aka gina ta. Da ruwa ya fara hawa, tarwaɗa takan bi shi da dare zuwa ciyawar da ta nutse, ta zuba ƙwai, ƙwan ya manne a ganye, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Bargi yakan share wuri a tsakiyar ciyawa ya yi sheƙa, iyayen su tsaya gadin 'ya'yan. Yauni ma sheƙa yake yi, tasa kuma a saman ruwa take. Macen karfasa takan riƙe ƙwanta a baki har 'ya'yan su iya iyo, sannan ta sake su a gefe inda ruwa bai da zurfi. Duk abu guda suke nema: ruwa mai ɗumi, marar zurfi, cike da ƙwari da ruɓaɓɓen ganye da kashin shanun da suka yi kiwo a wurin da rani, inda kuma manyan maciya kifi irin su tsage ba sa iya kutsawa cikin sauƙi. A 'yan makonnin nan ne ɗan kifi ke yin mafi yawan girman da zai yi a shekara. In ruwan ya janye da wuri, ko bai hau ba sam, 'ya'yan ba sa kai girman da za su tsira, sai su ƙare a bakin tsuntsu ko cikin taɓon da ya bushe. Gaiwa ce ke iya binne kanta cikin laka ta jira damina. Sauran ba su da wannan dabara.

Wannan ba hasashe ba ne. Masanin kifi Robin Welcomme, wanda ya yi aiki da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tattara bayanan gulabe da dama na Afirka a shekarun 1970. Ya nuna cewa yawan kamun shekara yana bin girman cikar ruwan shekara ɗaya ko biyu da suka gabata, kuma fadamar da ruwa ke hawa takan ba da kimanin kilo 40 zuwa 60 na kifi a kowace hekta a shekara. Ke nan duk hektar da ruwa ya daina hawa an yi asarar kifinta, ko da ba a taɓa jefa birgi a wurin ba. Ƙasarmu ma tana cikin wuraren da aka fara irin wannan aiki. Wani jami'in bincike mai suna M. J. Holden ya auna ire-iren kifi da yawansu a gurabun rani na Gulbin Sakkwato a shekarun 1950, aka buga sakamakon a 1963. Duk ɗalibin da zai auna gurabun yau yana da abin kwatantawa daga zamanin da gulbin ke tafiya yadda Allah ya sake shi.

Sai madatsai suka zo. An gama Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. An gama Goronyo a kan Rima a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992; tsayinta mita 21, tsawonta kilomita 12.5, kuma tana ɗaukar fiye da kubik mita miliyan 900. A can sama, a Jihar Katsina, ga Zobe da Jibiya suna riƙe nasu rabon. Ba don wasa aka gina su ba: noman rani, ruwan shan Sakkwato da Birnin Kebbi, da rage ɓarnar ambaliya, duk buƙatu ne na gaske. Amma kifi ba ya cikin lissafin buɗe ƙofofi da rufe su. William Adams, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan Bakolori a farkon shekarun 1980, ya buga abin da ya gani a 1985: cikar ruwa ta ragu a faɗi da zurfi, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani da ya dogara da damshin fadama ya ja baya, kamun kifi ma ya ja baya ƙwarai. A kan Gulbin Sakkwato aka yi wannan bincike, amma babu dalilin da zai sa a ce Rima zai bambanta, tunda kifin iri ɗaya ne, fadamar ma iri ɗaya.

Dole a faɗi ɗaya gefen. Madatsar Goronyo ta samar da babban tafki inda a da babu, kuma masunta da yawa suna cin abinci a cikinsa. Karfasa tana jin daɗin ruwan da ya tsaya. Sai dai kifin tafki bai maye gurbin na fadama ba ga ƙauyukan da ke ƙasa, kuma shi kansa tafkin yana hawa yana sauka. Shekaru biyu sun isa misali. A Satumban 2010 ruwa ya yi ɓarna a ƙananan hukumomi da dama, ya cinye gonaki da gidaje, har ya karya gadar da ke kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuwa aka sanar cewa ruwan Goronyo ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100 na abin da madatsar ke iya ɗauka, har birnin Sakkwato ya ji a famfo. Ga mai binciken kifi, waɗannan shekaru gwaji ne da babu kuɗin da zai iya shirya irinsa: shekarar da ruwa ya mamaye fadama duka, da shekarar da ya kusan ƙafewa. Da a ce ana auna kamu a bakin gaɓa daga 2009 zuwa 2020 ba yankewa, da yau gardamar ruwa ko raga ta ƙare da hujja a hannu.

Batun raga

Ba ina wanke kayan su daga laifi ba ne. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, Doka ta 108 ta 1992, ta hana kamun kifi da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana amfani da raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3. A bakin gulbi kuwa za ka ga kalli mai ido yatsa ɗaya ko biyu, ka ga gura an jera ta a mashigar ruwa, ka ga gidan sauron da aka raba don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Zuba maganin ƙwari a gurbi kuwa ta'asa ce da ba ta da uzuri, don tana kashe babba da ƙarami, ta kuma bi kifin zuwa tukunyar mutane.

Amma a lura da yadda abin ke tafiya. Idan manyan kifaye suka ragu, masunci yakan rage idon ragarsa don ya sami abin kai gida. Da ya rage, sai ya kama kifin da bai taɓa zuba ƙwai ba. Baɗi kifin ya ƙara ƙanƙancewa, shi ma ya ƙara ragewa. Ƙaramar raga tana cikin dalilan raguwar, kuma ita ma raguwar ce ta haife ta. Wanda ya ƙwace raga ya ƙone ba tare da ya taɓa batun ruwa ba, ya hukunta talaka ne a kan rabin laifi. Sannan ma'auni guda na inci 3 bai dace da kowane kifi ba. Kawara da wasu ƙananan kifaye ko sun tsufa ba za su tsaya a irin wannan raga ba, giwan ruwa kuwa tana iya kama shi tun bai balaga ba. A nan ne binciken girman da kowane iri ke fara zuba ƙwai yake da amfani, kuma aiki ne mai sauƙi: a auna tsawon kifi, a tsaga ciki a duba ƙwai, a yi haka wata bayan wata har a gane girman da rabin kifayen suka balaga, da watannin da cikinsu ke cika. Daga nan ne ake sanin idon ragar da ya dace da kowane wuri, da makonnin da ya kamata a ɗaga wa mashigar fadama ƙafa.

Irin wannan aiki ana yin sa a Sakkwato. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen nazarin kifi, kuma malamai da ɗalibai sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan kifin Rima da Goronyo da Tafkin Kware: dangantakar tsawo da nauyi, abin da ake samu a cikin tumbin kifi, tsutsotsin da ke jikinsa, ingancin ruwa, da ƙarafa masu guba a namansa. Kwalkwalawa, da yake tana kan hanyar jami'a, ta sha ganin ɗalibai da kwalabe da sikeli. Ban raina wannan ƙoƙari ba ko kaɗan, galibi da kuɗin aljihu ake yin sa. Matsalar ita ce aikin ɗalibi wata uku ne ko shida ko shekara, ya rubuta, ya kare a gaban malamai, ya tafi. Na bayansa ya zo da wata tambayar, a wani wurin, da wata hanyar awo. Hukumar da za ta yanke shawara kuwa tambayarta ita ce: kamu yana hawa ne ko sauka, tun yaushe, kuma me ya motsa shi? Wannan sai jerin awo iri ɗaya, a wuri ɗaya, shekara da shekaru. In babu shi, lamarin kamar mai rumbu ne da ke ɗiba kullum bai taɓa leƙawa ya ga inda hatsin ya tsaya ba. Ko ƙirga kifin kasuwa ba zai wadatar ba, don abin da ke Kasuwar Daji ya haɗa da na Yawuri da na ƙetaren iyaka da na tankunan kiwo da na ƙanƙara.

Abin da aka gwada a Kainji

Ba sai an je nesa neman misali ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji na 1968, ta yi aikin haɗin gwiwa da Jamusawa a kan tafkin a shekarun 1990. Ginshiƙan aikin biyu ne. Sau ɗaya a shekara a zagaya tafkin a ƙirga ƙauyukan su da jirage da masunta da kowane irin kayan kamu. Sannan kowane wata, a zaɓaɓɓun ƙauyuka, a auna abin da jirage suka sauke, iri-iri, tare da kayan da aka kama da shi. In ka san abin da jirgi ɗaya ke kamawa a fita ɗaya, ka san yawan jirage da yawan kwanakin fita, ka san kamun tafkin duka. Da wannan lissafi aka nuna wa masunta da sarakuna cewa dala, babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa don kama warangi, tana kwashe 'ya'yan manyan kifaye masu tsada, aka kai ga hana ta a ƙarshen shekarun 1990, da hannun sarakunan gargajiya da sarakunan ruwa na jihohin Neja da Kebbi. Darasi na biyu na Kainji ma yana da muhimmanci: abin da aka ɗora a kan kuɗin baƙi yakan yi rauni ranar da baƙin suka tafi. Don haka tsarin da Rima ke buƙata dole ya zama mai arha, wanda jiha da jami'a za su iya riƙewa da kansu.

Kuma ba shi da tsada. Ana buƙatar wuraren sauke kifi 'yan kaɗan a tafkin Goronyo da Wurno da Kware da Kwalkwalawa. A kowanne a sami matashi ɗan gidan su wanda ya iya rubutu, a ba shi sikeli da allon awo da littafi ko waya, da ɗan alawus da ba ya yankewa. Ɗan gida ya fi baƙo a wannan aiki, don ya san kifin da sunansa, ya san wanda ya fita da dare, kuma ba a ɓoye masa kwando. Sashen jami'a ya karɓi bayanan, ya tace, ya ajiye a wuri guda. Ɗalibai kuma, maimakon kowa ya fara daga tushe, sai su riƙa ɗora ayyukansu a kan wannan jeri. Abu na ƙarshe, wanda shi ne zuciyar lamarin, a jera wannan lissafi gefe da gefe da bayanan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima na tsayin ruwa da ranakun buɗe ƙofofi. Hotunan tauraron ɗan'adam da ake samu kyauta a intanet, waɗanda suka faro tun shekarun 1970 da 1980, suna iya nuna faɗin fadamar da ruwa ya hau a kowace shekara. Ɗalibin digiri na biyu mai kwamfuta zai iya wannan.

Ƙofar shiga kuwa Sarkin Ruwa ne. Mai binciken da ya sauka daga mota ya nufi jirage da sikeli kai tsaye, za a ɗauke shi ɗan haraji, kuma lissafin da zai samu na ƙarya ne. Wanda ya fara zuwa zaure ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, Baba, mun zo neman sani ne a kan ruwanku," ya koma bayan wata uku ya karanta musu abin da aka samu da Hausa, shi ne zai ga gaskiyar kwando. Kuma hana kamun kifi a wani wuri ko wani lokaci ba baƙon abu ba ne ga Sarkawa. Matan Fada, wani yankin gulbi da ke Argungu, a ƙasan wannan ruwa, ana tsare ta duk shekara sai ranar bikin kamun kifi. Bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Manyan kifayen da ake fitarwa a wurin shaida ce ta abin da gurbin da aka tsare ke iya yi. Aikin bincike shi ne ya nuna waɗanne gurabu masu zurfi ne a Rima iyayen kifi ke fakewa da rani, don a tsare su da yardar masu ruwan.

Idan lissafi ya tabbatar da abin da masunta ke faɗi, tambaya mai wuya za ta taso: za a iya sakin ruwa daga Goronyo da gangan, a lokacin da kifi ke zuba ƙwai, gwargwadon da zai hau fadama ba tare da ya ci gida ko gona ba? An yi haka a wasu wurare. A arewacin Kamaru, madatsar Maga ta 1979 ta busar da babban ɓangare na fadamar Logone. A 1994 aka buɗe wa ruwa hanya ya koma, ciyawar kiwo da kifi suka dawo a inda ya hau. A fadamar Haɗeja da Nguru, masana tattalin arziki sun kwatanta amfanin ruwan da ke malala fadama, wato kifi da noma da itace, da amfanin ruwan da ake karkatarwa zuwa manyan ayyukan noman rani na Kano, suka ga na fadama ya fi a kan kowane kubik mita. Ba na cewa a Rima abin zai zo da sauƙi. Mutane sun yi gini da noma a wuraren da ruwa ya daina hawa, yashi da laka sun rage cikin madatsar, kacala ta toshe wasu hanyoyin ruwa, kuma a shekarar fari ruwan shan birni ne a gaba da komai. Amma ko sauya lokacin sakin ruwan da dama za a sake shi, da sassauta yadda ake rufewa don kada ruwa ya janye farat ɗaya ya bar 'ya'yan kifi a tudu, zai iya yin tasiri. Injiniyan madatsa ba zai saurari wannan ba sai an zo masa da lambobi.

Tankunan kiwo

A 'yan shekarun baya gwamnati takan ce Nijeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba, don haka kiran a yi kiwo yana da tushe. Amma kiwo wata sana'a ce daban, mai buƙatar jari da rijiyar burtsatse da wutar tura ruwa. Tarwaɗa 1,000 da ake so kowace ta kai kilo ɗaya a wata biyar ko shida za su ci abinci kimanin kilo 1,000 zuwa 1,300, wato buhu 67 zuwa 87 na masu kilo 15, kuma abinci kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon. Masuncin da ya rage idon ragarsa saboda babu, ba shi ne zai sayi wannan ba. Ma'aikata da 'yan kasuwar birni ne suka fi shiga kiwo, kuma madalla da hakan, sai dai kada a ɗauka an warware matsalar ƙauyen bakin gulbi.

Shi ma kiwon yana da tambayoyin da sai a Sakkwato za a amsa su, don yawancin shawarwarin da ke yawo daga kudu suka taso. Tarwaɗa ta fi girma a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Da hunturu, a Disamba da Janairu, ruwan tanki yakan yi sanyi har kifi ya rage ci, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa da kyau, ƙananan su yi ta mutuwa. Da bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40. Ruwan tamfol da ke rana ya yi zafi, iskar shaƙa da ke cikinsa ta ragu, dattin da kifi ke fitarwa ya ƙara zama guba. Wane zurfi da wace rumfa ke daidaita wannan? A wane wata ya fi dacewa a zuba, don girbi ya faɗo lokacin da kifin gulbi ya yi ƙaranci? Nawa ne za a iya maye gurbinsa a abincin kanti da waken suya da ƙuliƙuli da jinin mayanka da tsutsar ƙuda, ba tare da girma ya tsaya ba, kuma yaya za a kauce wa gubar fumfuna da ke kama gyaɗar da ba ta bushe ba? Ruwan da ake zubarwa daga tanki taki ne, a ƙasar da albasa da tumatir ke jiran ban ruwa. Nawa yake rage wa manomi na takin zamani? Duk gwaje-gwaje ne da za a iya yi a gonar jami'a da gonakin masu kiwo. Sannan samar da iri a gida yana da muhimmanci, don 'ya'yan kifin da suka sha doguwar tafiya a jarka sukan iso a galabaice.

Zuba 'ya'yan kifi a tafkuna, wanda hukumomi ke so saboda ana ganin sa a hoto, shi ma yana buƙatar awo kafin da bayan zubawa. A ƙaramin tafki da ke rufe yana iya amfani. A babban ruwa irin Goronyo, mai cike da tsage da sauran maciya kifi, ƙananan da aka zuba suna iya zama abinci cikin mako guda. Akwai kuma haɗarin sakin irin da aka haɗa tsakanin tarwaɗa da ramboshi, ko irin tanki da ya daɗe ana haɗa shi da danginsa, ya gauraya da na gulbi wanda ya saba da zafin nan da farin nan.

Babban cikas a yau tsaro ne. Gabashin Sakkwato, har da Goronyo da Isa da Sabon Birni, ya sha fama da 'yan bindiga, kuma babu malamin da zai tura ɗalibi inda ba shi da tabbacin dawowarsa. Wannan ma yana ƙara nuna cewa masu awo su zama 'yan gari, su aiko da bayanai ta waya, a fara da wuraren da ake iya zuwa kamar Kware da Kwalkwalawa, a faɗaɗa in hali ya yi. Cikas na biyu tsoron haraji ne, kuma maganinsa shi ne a raba littafin awo da littafin lasisi tun ranar farko, a faɗa a gaban Sarkin Ruwa, a kuma cika alkawarin. Na uku haƙuri ne: shekara ɗaya ba za ta nuna komai ba, ta uku za ta fara nuna alama, sai wajen ta biyar ne za a iya zama da hukumar madatsa a ce ga abin da cikar ruwan Agusta ke yi wa kamun baɗi. Don haka kuɗin alawus ɗin masu awo ya kamata ya shiga kasafin ma'aikatar da ke kula da kifi a jiha a matsayin abin da ake biya kowace shekara, jami'a kuma ta ɗauki ajiyar bayanan da buga su duk ƙarshen damina, da Hausa da Turanci.